Tauraron da ya taɓa samaniyarmu a 2004, gaskiya ne?

Ɗan Mabera:
Salam 'yan uwa. Jiya da dare ba wuta muna kwance a tsakar gida saboda zafi, sai ƙanena da ke karatun fiziks a Danfodiyo yake ce min wai akwai wani tauraro da ya yi aman wuta har ya taɓa samaniyar duniyarmu a 2004 kuma ba wanda ya gani da ido, abin ya tsaya min a rai har na kasa barci. Don Allah masana mi ke nan?

Malam na Arkilla:
Wa alaikumus salam. Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Ranar 27 ga Disamba 2004 ne, sunan tauraron SGR 1806-20. Irin su ana ce musu magneta, wato gawar ƙaton tauraro ce da ya fashe ya dunƙule, faɗinshi bai wuce kilomita 20 ba amma nauyinshi ya fi na rana, ga maganaɗisu mai ƙarfin da ba a san irinshi ba. Maganaɗisun nan ne ke murɗa ɓawon tauraron har ya tsage, sai hasken gamma, wato wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, ya fito a tare. Cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba ya fitar da ƙarfin da rana za ta yi sama da shekara 100,000 tana fitarwa! Ni duk lokacin da na tuna wanga lissafi sai na ce Allahu Akbar. Nisanshi kuwa dubban shekarun tafiyar haske ne, amma sai da ya rikita na'urorin taurarin ɗan Adam ya kuma motsa iskar can ƙololuwar sama.

'Yar Runjin Sambo:
Subhanallah. Malam to ba shi ya jawo ambaliyar tekun Indonesiya ba? naga lokacin ɗaya ne

Malam na Arkilla:
A'a ƙanwata, girgizar ƙasa ce ta jawo waccan ranar 26, hasken sai washegari ya iso. Kuma ba shi ne farau ba, an ga irinshi 5 ga Maris 1979, kumbunan Rasha Venera 11 da 12 sunka kama shi, sannan 27 ga Agusta 1998 daga wani magneta mai suna SGR 1900+14. Iskar da ta lulluɓe duniya ce ke tare hasken gamma, shi ya sa bai kai ƙasa ba.

Ɗan Mabera:
Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Yau zan tare yaron nan ya nuna min ɓangaren da tauraron yake a sama.