Abha zuwa Jizan: wa ya taɓa yin ta a jirgi?

Ɗan Khamis: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata ta haihu a Sabya, Umma kuma ta dage sai ta je suna. Matsalar ita ce ba ta jure hanyar dutse, jiri ke ɗibar ta. Na duba tikitin jirgi daga Abha zuwa Jizan, duk wanda ya fito mini sai an bi ta Jidda ko Riyad. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Baban Yara: Wa alaikumus salam, Allah ya raya. Ni na tafka wannan wautar sau ɗaya. Tsakanin filin jirgin Abha da na Sarki Abdullah da ke Jizan, a miƙe bai fi kilomita 150 ba. Amma sai da aka kwashe ni zuwa Jidda, sama da kilomita 500, na yi zaman awa huɗu ina kallon allo, sannan aka juyo da ni kudu, wasu 600 da ɗoriya. Na fita bayan asuba, na sauka ana kiran la'asar. Abokina da ya bi mota har ya ci abinci ya yi barcin rana.

Direban Aƙaba: Ƙanena, bar batun jirgin nan. Shekara tara ina kaddad, wato jigilar fasinja a motata, a hanyar. Zuwa Jizan kilomita 200 ne ko kusa da haka: ka gangara Aƙabar Dila', hanyar da ke saukowa daga kan dutse, ka faɗa Darb, sai Baish, sai Sabya. Kuma lura, mai zuwa daga Abha Sabya yake fara tararwa kafin Jizan, wato ko jirgin ya sauke Umma sai kun sake neman mota kun komo baya. Gangaren ne kawai abin tsoro, don Abha ta haura mita 2,000 a sama, Jizan kuwa bakin teku ce. Ƙaramin giya ake sawa, wanda ya dogara da birki zai ji ƙauri tun bai kai rabi ba. In hadari ya haɗu a tambaya tukuna, akan rufe aƙabar saboda ruwa da duwatsun da ke zubowa. Birai kuma kar a sauke musu gilashi, ba su da kunya.

Hajiya Mai Turare: Ɗana, ni ma mai jirin ce. Gaban mota nake zama, ba na cika ciki, ina riƙe da lemon tsami. Kunne zai toshe, ta riƙa haɗiyar yawu. Abin da ya fi ba ni mamaki, na bar Abha cikin hazo da rigar sanyi, muna isa Darb gumi ya jiƙa ni sharkaf. A sa mata kaya marasa nauyi a sama-saman jaka.

Abu Sabya: Ni dai ba zan kushe jirgin gaba ɗaya ba. Da na kai Baba, mun mai da tsayawar Jidda kwana biyu, muka wuce Makka ya yi Umara, sannan muka taso Jizan. In Umma na da wannan niyyar, kuɗin bai tafi a banza ba.

Ɗan Khamis: Na gode ƙwarai. Na karanta mata, ta ce Umara sai azumi, yanzu jika take son gani. Yaya Direba, akwai wuri a gaban mota ranar Alhamis da safe?

Direban Aƙaba: Akwai. Ku karya da wuri, ƙarfe bakwai nake tashi.