Shaida a Ofishin Gwamnatin Kansas da Rigimar Kalmar "Ɗan'uwa"

Malam na Topeka: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau kwana uku ke nan barci bai ɗauke ni yadda ya kamata ba, shi ya sa na ga gara in amayar da abin da ke cina a gabanku. Shekara shida nake aiki a wani ofishi na gwamnatin jihar Kansas, kuma teburin da ke maƙwabtaka da nawa na wani Bature ne da ya daɗe da rigana shiga aikin. Shi ya koya mini shigar da takardu a kwamfuta lokacin da nake sabon zuwa, kuma duk ranar Juma'a shi ke riƙe mini wayar ofis daga ƙarfe ɗaya har in dawo daga masallaci, bai taɓa ɓata fuska ba. Abokin zamansa namiji ne, bai ɓoye ba, bai kuma taɓa kawo mini maganar ba. Tun ranar da sabon shugaban sashenmu ya ga hoton da ke kan teburinsa ya tambayi ko wane ne, al'amura suka juya. An cire shi daga aikin da ya daɗe yana jagoranta, an daina kiransa taro, kuma da kunnena na ji shugaban yana cewa a ɗakin shan shayi irin waɗannan mutane ba za su wakilci sashensa ba. Yanzu ya shigar da ƙorafi, ya roƙe ni in ba da shaida, kuma zan bayar.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda kariyar ma'aikatan jihar nan take rataye a bakin alƙalamin gwamna. Gwamna Kathleen Sebelius ta sa hannu a kan umarnin hana nuna wa ma'aikata irinsa bambanci a 2007, Sam Brownback ya soke shi a watan Fabrairun 2015, Laura Kelly ta dawo da shi a Janairun 2019, kuma wa'adinta na ƙarshe zai cika a Janairun 2027. Kariyar da mutum ɗaya ke bayarwa wani ya zo ya karɓe zanen aro ce, ba ta rufe katara. Ni dai ba zan zuba ido a raba ɗan'uwana da abincinsa ba.

Alhaji na Wichita: Wa alaikumus salam. Malam, na karanta bayaninka har ƙarshe, kuma ban ga laifin mutum ya gode wa wanda ya yi masa alheri ba. Sai dai kalmar da ka rufe da ita ta tsaya mini a wuya. Bahaushe ya ce ɗan'uwa rabin jiki ne, to shin ka yarda mutumin da ke kan wannan hanya rabin jikinka ne? Ka kira shi abokin aiki, ka kira shi maƙwabcin tebur, amma 'yan'uwantaka abu ne da addini ya keɓe, kuma akwai yaranmu a wannan zaure da suke karanta abin da manya suka rubuta.

Hajiya ma'aikaciyar jinya: Alhaji, tare da girmamawa, ina ganin an ɗora wa kalmar nauyin da mai ita bai nufa ba. A Kasuwar Kurmi ma mutum yakan ce wa baƙon da bai san addininsa ba "ɗan'uwa, matsa mini", ba wanda ya taɓa cewa ya yi saɓo. Kuma tun da an kawo addini, a duba Suratush Shu'ara, aya ta 161, inda aka kira Annabi Luɗu, alaihis salam, ɗan'uwan mutanensa, alhali kowa ya san abin da ya je yana hana su. Idan kalmar ba ta zama amincewa da aikinsu a can ba, me zai sa ta zama amincewa a bakin Malam? Ni a wurin aikina ina wanke raunin kowa, ba na tambayar da wa yake kwana.

Alhaji na Wichita: Hajiya, malaman tafsiri sun bayyana cewa 'yan'uwantakar da ke cikin wannan aya ta zama tare ce a gari ɗaya, ba ta aƙida ba. Bai kamata a ɗauko aya a jefa cikin muhawara ba tare da an koma ga masana ba.

Hajiya ma'aikaciyar jinya: To ai shi ke nan, Alhaji, ka faɗi abin da nake faɗa. Malam ma zaman ofis ɗaya yake nufi, bai ce sun haɗa alƙibla ba.

Ɗalibar shari'a: Iyayena, ku yi mini afuwa in sa baki, domin akwai gyara a ainihin maganar Malam wanda har yanzu ba a taɓa ba. Gaskiya ne umarnin gwamna yana zuwa yana tafiya, kuma ba a Kansas kaɗai ba: a Kentucky gwamna Paul Patton ya bayar a 2003, Ernie Fletcher ya cire a 2006, Steve Beshear ya maido a 2008. Amma tun ranar 15 ga Yunin 2020 lamarin ya daina tsayawa a kan gwamna kaɗai. A ranar ne Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Gerald Bostock, wani ma'aikacin ƙaramar hukumar Clayton a jihar Jojiya da aka kora a 2013 bayan an san yana buga ƙwallo a wata ƙungiya ta masu neman jinsi ɗaya. Alƙalai shida suka rinjayi uku, kuma Neil Gorsuch, wanda Trump ya naɗa, shi ya rubuta hukuncin, cewa korar mutum a kan wannan dalili tana cikin bambancin jinsi da babi na bakwai na dokar 'yancin jama'a ta 1964 ya haramta. Wannan babi ya hau kan gwamnatocin jihohi tun gyaran da aka yi masa a 1972, saboda haka ko gobe aka soke umarnin Kelly, abokin aikin Malam yana da ƙofar hukumar tarayya mai kula da daidaito a ɗaukar aiki. Abin lura shi ne wa'adin shigar da ƙara, kwana 180 ne a asali, yakan kai 300 a jihar da ke da hukumarta. Haka kuma dokar ta hana a huce a kan wanda ya ba da shaida.

Ina roƙon Baba Alhaji ya dubi wani abu guda. Babin nan da muke magana a kansa shi ne wanda wata Musulma, Samantha Elauf, ta tsaya a kai lokacin da shagon Abercrombie & Fitch a Tulsa ya ƙi ɗaukarta aiki saboda ɗankwalinta, har Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a 2015. Rumfar da ke ba Malam damar zuwa Juma'a ita ce ta rufe maƙwabcin teburinsa.

Direba na Houston: Yarinya, kin kawo sunaye da shekaru masu yawa, amma ba su amsa tambayar Alhaji ba. Ɗan'uwa ne ko ba ɗan'uwa ba ne? Haka ake farawa, yau a ce ɗan'uwa, gobe a ce dole ka halarci bikinsu. Ni na ji labarin wani Musulmi da aka kora daga aikin gwamnati a wata jiha saboda ya ƙi sa hannu a katin taya irin wannan aure murna, ba wanda ya tsaya masa. Brownback da ake zagi gaskiya ya faɗa lokacin da ya ce majalisa ce ya kamata ta yi irin wannan doka, ba gwamna shi kaɗai ba. 'Yan Dimokuraɗiyya ne ke cusa wannan abu, ku kuma kuna bin su saboda batun takardun zama.

Ɗalibar shari'a: Kawu, wace jiha ce, kuma a wace shekara? Idan hakan ya faru, shi ma wannan Musulmin yana da ƙara a ƙarƙashin babin da na ambata, domin addini yana cikin abubuwan da ya kare.

Direba na Houston: Wanda ya ba ni labarin mutum ne mai gaskiya, mun daɗe muna lodi tare, kuma ba sai na kawo miki takarda ba kafin ki yarda da maganar babba.

Hajiya ma'aikaciyar jinya: Ba wanda ya zagi Brownback a nan, Malam shekarar da ya soke umarnin kawai ya faɗa. Amma tun da ka ɗaga shi sama, ka tuna yana riƙe da muƙamin jakadan Amurka kan 'yancin addini lokacin da aka saka Najeriya a jerin ƙasashen da ake zargi da tauye addini a Disambar 2020, kuma a zauren nan kai ne ka fi kowa ɓacin rai a ranar. Sannan maganar takardun zama ba ta dace ba, da yawa daga cikinmu da guminmu muka samu, ba wata jam'iyya da ta ba mu kyauta.

Alhaji na Wichita: 'Yata mai karatun shari'a, Allah ya yi wa karatunki albarka, amma a gidajenmu ba a tsare babba da tambayar jiha da shekara a gaban jama'a. Kuma kwatanta ɗankwalin 'yar Musulmi da wancan al'amari bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, domin ɗaya ibada ce, ɗaya kuwa abin da aka hana ne. Dokar Amurka tana iya zuba su a kwando ɗaya, mu ba za mu zuba ba. Har yanzu ina kan bakana cewa Malam ya janye kalmar.

Ɗalibar shari'a: Baba, ka gafarce ni idan lafazina ya yi kaifi, ban yi nufin raini ba. Ban ce abubuwan biyu ɗaya suke a wurin Allah ba, na ce doka ɗaya ce ke hana shugaban ofis ya hukunta ma'aikaci a kan abin da ba aikinsa ba. Ranar da aka ba shugaba damar tsame wanda ransa bai so, mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar nan ba mu san wanda zai biyo baya ba.

Malam na Topeka: Jama'a, na zo da maganar mutumin da ake neman raba shi da aikin da ya ba rabin rayuwarsa, ga shi an wuni a kan kalma ɗaya. Baba Alhaji, ban halatta abin da Allah ya haramta ba, kuma shi kansa mutumin ya san matsayin addinina tun shekarar farko, bai hana shi riƙe mini waya ba. Abin da na sani shi ne an hana mu ɓoye shaida a ƙarshen Suratul Baƙara, an kuma umarce mu da adalci ko ga mutanen da muke ƙi a Ma'ida, aya ta 8. Na gode wa ƙanwata da ta gyara mini batun hukuncin 2020, na karɓa, ko da yake har yanzu ina ganin majalisar jihar ya kamata ta rubuta abin ƙarara a dokarta, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya da ƙarfin shekara da shekaru yana zarya a kotun tarayya. Bostock kansa sai da ya jira shekara bakwai.

Direba na Houston: Ka gani, har yanzu bai janye kalmar ba.

Shugaban zaure: Assalamu alaikum. Ganin yadda magana ta yi tsawo, zan taƙaita in rufe. Abin da ya fito fili shi ne dattawan zaure, ƙarƙashin jagorancin Alhaji, sun yi nasiha mai kyau cewa kalmar ɗan'uwa tana da daraja kuma bai kamata a riƙa sakinta ko'ina ba, kuma a fahimtata mafi yawan jama'a suna tare da wannan, har da waɗanda ba su yi rubutu ba. Hajiya ta kawo aya, Alhaji ya bayyana ma'anarta yadda malamai suka fassara. Ɗan'uwanmu na Houston ya ja hankalinmu ga matsin da Musulmi ke fuskanta a wuraren aiki, abin da ya kamata mu ware masa rana ta musamman. 'Yarmu ta kawo wasu bayanai na kotu, muna gode mata, tare da tunatar da matasa ladabin magana da manya. Batun shaida kuwa lamari ne tsakanin Malam da ofishinsa. Ina roƙon kada a ƙara rubutu a kan wannan.

Malam na Topeka: Shugaba, ka yi haƙuri da layi ɗaya. Na ƙirga waɗanda suka yi magana, biyu ne suka nemi in janye, biyu ba su nema ba. Ranar Litinin da ƙarfe goma aka kira ni gaban mai binciken ƙorafin, kuma zan faɗa masa abin da na ji a ɗakin shan shayi kamar yadda na ji shi, ba ƙari ba ragi. Ƙanwata, don Allah ki turo mini bayanin sashen da ya hana hucewa a kan mai shaida kafin ranar.