Gadar bayan amfilifayar Baba ta ɓace, wa ke da dabara?

Nasiru, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kan amfilifayar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. NAD 3020 ce, ya zo da ita daga Ingila da ya je kwas, tun Kebbi tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Na fito da ita daga ɗakin ajiya na jona, fitila ta kama, amma sifika ko tari. Wani yaro ya ce ta ƙone, in ba 'yan gwangwan. Raina bai ba ni ba.

Oga Sani mai rediyo, Jega: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kada ka ba kowa tukuna. Juya bayanta, za ka ga ramukan waya a jere kan wani ɗan dandamali. Nemi inda aka rubuta Pre Out, kusa da shi akwai Normal In da Lab In. Akwai 'yan ƙarafa biyu a lanƙwashe da suka haɗa ramukan?

Nasiru: Babu komai, Oga. Ramukan a buɗe suke, sai ƙura.

Oga Sani: To ga ciwon nan. Wannan amfilifaya gida biyu ce cikin akwati ɗaya. Na farko shi ke karɓar sauti daga kaset ko garmaho, a nan ake ƙara murya da rage ta. Na biyu shi ke ba sifika ƙarfi. Ba a haɗa su ta ciki ba, sai ta waɗannan ƙarafa biyu na waje, ɗaya na hagu ɗaya na dama. In an zare su, sauti ya zo bakin gada ya tsaya. Sau da yawa yara ke cire su a gida. Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki wayar DVD mai kai ja da fari, ka haɗa Pre Out da Normal In, fari hagu, ja dama.

Injiniya Hauwa, Zuru: Malam Nasiru, dakata kafin ka bi maganar Oga. Kashe ta, ka zare ta daga bango, sannan ka taɓa ramukan nan. Gida na biyu ba shi da makunnin rage murya, duk abin da ya shiga da cikakken ƙarfi yake fita. Ko yatsa ka ɗora kan fulogin tana kunne, gurnanin da za ta yi zai iya yaga sifika. Kuma kada ka jona wayar hannu kai tsaye a Normal In.

Abu na biyu, na'urar nan a 1978 aka fara fitar da ita, kafasitocinta, wato ƙananan sassan ciki masu tara wuta, sun haura shekara 40. In ta daɗe a ajiye, a fara kunna ta da kwan fitila mai zare na wat 60 a jere da wayar wutarta, yadda sai wuta ta bi ta cikin kwan kafin ta isa na'urar. Kwan ya haska ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke haɗuwa, a kashe. Sannan a sa mita a bakin wayar sifika, in an ga ya wuce milibolt 50 da nisa, kada a haɗa sifika mai kyau.

Lawali, Kamba: Ni da kusa biyu na yi wa tawa, na lanƙwasa da filaya. Tana aiki.

Oga Sani: Lawali, don Allah ka cire su. Kusa tana tsatsa da damina ta farko, sai ka ji ɓangare ɗaya yana ƙaiƙayi yana ɗaukewa. In kuma ta fi ramin kauri, ta buɗe bakin soket ɗin har abada, kowane fulogi ka sa daga baya sai ya yi lakwab. Canza soket a wannan na'ura aiki ne, don a jikin allon ciki aka like su.

Baba Alhaji, Argungu: Nasiru ɗana, na san irin wannan akwati. Sa'ad da munka fara aiki, wanda duk ya dawo kwas da ita, gidansa aka taruwa jin kaset bayan isha'i. An rubuta mata wat 20 kowane ɓangare, amma in ka ji ta sai ka rantse ta ninka haka. In kana son gadar ta fito kamar ta asali, je wurin masu walda da gas ka nemi sandar tagulla da suke like da ita. Akwai mai kaurin milimita 3.2, shi ne daidai kaurin tsinken fulogin. Ka auna tsakanin ramu biyu, daga tsakiya zuwa tsakiya, ka kafa kusoshi biyu a katako da wannan tazara, ka lanƙwasa sandar a kansu. Ka goge bakin da zarto ya yi mulmul, ka bi da samfefa mai laushi. Kada ƙafafun su fi tsinken fulogi tsawo.

Injiniya Hauwa: Baba, dabararku ta yi, kuma ita ta fi kama da ta kamfani. Abin da zan ƙara, a rufe bayan gadar da robar nan mai matsewa in ta ji zafi, don kada ta taɓa wani ƙarfe. Amma ni na fi natsuwa da fulogi huɗu masu kyau da guntuwar waya mai raga, kamar tsawon yatsa, a like da dalma. Fulogi yana kama soket ciki da waje, ba ya ɗaukar gurnanin wuta, kuma in hannu ya kuskure wajen awo ba a takura ramin ba.

Baba Alhaji: Gaskiyarki, 'yata. Sai dai fulogin kasuwar yanzu, wasu da ka sa dalma robar ciki ta narke.

Oga Sani: Shi ya sa nake ciro na jikin tsofaffin wayoyin bidiyo, ko in aika Sabon Gari a Kano a zaɓo masu jikin ƙarfe.

Bashar, Yauri: Tambaya, me ya raba Normal In da Lab In?

Injiniya Hauwa: Normal In yana da matata da ke tare sautin da kunne ba ya ji, na can ƙasa da na can sama. Mai garmaho da faifan da ya ɗan karkace ya zauna a nan, don kada sifika ta yi ta bugawa a banza. Lab In babu matatar. Malam Nasiru ya fara da Normal.

Nasiru: Alhamdu lillahi! Na kai ta wurin wani mai gyara a unguwarmu muka yi gwajin kwan fitila, ya dushe. Muka sa wayar DVD, sauti ya fito ta ɓangare biyu. Wallahi sai da Hajiya ta fito daga ɗaki da ta ji kaset ɗin tafsirin da Baba ke sawa. Sai dai makunnin murya yana ƙarar yashi in an murɗa.

Oga Sani: Ƙurar hunturu ce. Maganin fesa na wanke makunni za a sa, ban da fetur, ban da man inji. Kuma kada ka jona ta a janareta babu sitabilaiza. Auno mini tazarar ramukan ka turo, in yi maka iri biyu, ta tagullar Baba Alhaji da ta fulogin Injiniya. Ranar Juma'a zan ba direban Jega ya sauke maka a tasha.

Nasiru: Na gode, Oga, Allah ya saka da alheri. Yanzu zan nemi abin awo in turo.