Baba Fasto ya gaji, hutu za mu tura shi ko asibiti?

Ma'aji_Zonkwa: Salama 'yan'uwa. Ni ne ma'ajin ikilisiyarmu, ƙaramar majami'a ce a ƙauye ta wajen Zonkwa. Baba Fasto shekara shida yana tare da mu bai taɓa ɗaukar hutu ba, kuma tun harin da aka kai ƙauyen kusa da mu shi ya binne mutane, shi ya bi gida gida yana ta'aziyya, yanzu Mama, matarsa, ta gaya mana a ɓoye cewa ba ya barci, tsakar dare sai ya fita ya zauna a tsakar gida, jininsa ma ya hau. Mu dattawa da zumuntar mata mun haɗa dubu 180. Wasu sun ce a tura shi da Mama Filato su huta sati biyu, wasu sun ce likita zai gani a Jos. Kuɗin ba zai yi duka biyu ba. Don Allah kar a ce mu ba shi a hannu, mun gwada, kuɗin makarantar marayu ya biya da shi.

BulusK: Ku sa masa a ambulan ranar Lahadi bayan sujada, shi ya san damuwarsa.

Ma'aji_Zonkwa: Ɗan'uwa ka karanta har ƙarshe kuwa?

MamanTalatu: Azumi da addu'a na kwana uku ku yi masa, wannan harin magabci ne.

Sista_Nas: Mama addu'a kam dole, amma mutumin da jininsa ya hau kuma ba ya barci a fara auna shi. Ko Iliya da ya gudu jeji ya ce Allah ya ɗauki ransa, abinci da barci mala'ika ya fara ba shi, yana nan a 1 Sarakuna 19. A JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ba sai mutum ya haukace ake zuwa ba. Kati da gwaji da maganin wata ɗaya a inda nake aiki dubu 40 ya isa.

Danladi_Kaf: Dubu 40 a wace Najeriyar? Kawuna mun kai shi wani asibiti a Jos gwaji kawai ya ci dubu 95, ban sa kuɗin mota ba. Gara hutun, mun taɓa kwana a wani masaukin mishan dubu 8 har da abinci.

Sista_Nas: Yaushe, kafin a cire tallafin mai a 2023? Je ka tambaya yanzu, ƙawata ta biya dubu 25 shayi ma ba a ba ta ba.

YarFasto: Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Babana ya yi fiye da shekara 30 yana aikin Ubangiji, daga wannan ƙauye zuwa wancan, mu yara ba wanda ya gama firamare a makarantar da ya fara. Gidanmu kamar tasha, ƙarfe biyun dare a buga ƙofa mace na naƙuda, miji da mata sun yi faɗa, yaro ya sha ƙwaya, duk Baba. Albashi a yi wata huɗu ba a biya ba amma idan ya yi magana sai a ce fasto ya fara son duniya. Ranar ritaya aka yi bikin sallama aka ba shi agogon bango da buhun masara biyu, sannan aka ce cikin wata uku mu bar gidan coci sabon fasto na zuwa. Ɗaki biyu na haya muka koma. Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi mutanen da ya ɗaura wa aure ya yi wa 'ya'yansu baftisma ko leƙowa ba su yi ba, Mama ce take sayar da ƙosai har ya rasu. To hutun sati biyu me zai yi? Ku saya masa fili.

MamanTalatu: Wayyo 'yata, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Har na yi hawaye.

BulusK: Namu ma haka aka yi masa, shi ko agogon bai samu ba.

Rabaran_MaiRitaya: 'Yata na ji zafinki, amma kada a sa hutu ya zama ƙaramin abu. Yesu da kansa ya ce wa almajirai su keɓe su huta kaɗan, Markus 6:31. Turawan mishan na SIM ma don me suka gina gidan hutu a Miango da ke Filato? Abin da fasto ya fi rasa shi ne wanda zai buɗe wa ciki, ba zai iya gaya wa membansa cewa ya gaji ba don gobe zai ji zancen a kasuwa. Ku nemo masa tsohon fasto da ya amince da shi, kuma ku sanar da shugabannin gunduma su turo mai riƙon wa'azi. Wanda bai taɓa tsayawa kan bagade ba ya sassauta da shawara.

Sista_Nas: Baba da girmamawa, ni ban hau bagade ba amma ni nake auna jinin masu hawansa.

Danladi_Kaf: Ku tura shi Filato ku ƙwace wayar, in ba haka ba kwana biyu zai buɗe sabuwar ikilisiya a can ya fara ajin baftisma 😂

Ayuba_Gombe: Sanar da gunduma ɗin nan ku yi hankali, namu da aka ji ba shi da lafiya canja shi aka yi zuwa wani lungu tsakiyar zangon karatu, yaransa suka rasa shekara guda.

YarFasto: Ka gani ko. Kuma wa yake tuna matar fasto? Ita ce zumuntar mata, ita ce mawaƙa, ita ce dafa wa baƙi, sisi ba ta da shi a lissafin coci.

MamanTalatu: A'a 'yata, mu kam duk Kirsimeti zani muke saya wa tamu.

Ayuba_Gombe: Zani ɗaya a shekara Mama? Ni tambayata ina kuɗin da ake tura wa sama duk wata yake zuwa, tunda mai bishara a ƙauye ko babur mai lafiya ba shi da shi.

Ma'aji_Zonkwa: 'Yan'uwa ranar Asabar fa dattawa za su zauna. Sista, idan aka je Jos sai an kwana ne ko a yini za a gama?

BulusK: Ayuba kar ka taɓo wannan, ku kaso nawa ma ake cirewa a wajenku?