Neman shawara kan ƙarin inshorar lafiyar Baba a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Baba ya cika shekara 65, ya shiga Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi. Sashen B nata, mai kula da kuɗin ganin likita, kashi 80 cikin 100 yake biya, sauran 20 a wuyanmu, ga shi yana da ciwon suga.

Na kasa zaɓa tsakanin tsarin G da N na Medigap, wato ƙarin inshorar da ke cike wannan giɓin. N ya fi arha a wata, amma ganin likita kan ci har dala 20. Babbar damuwata, Baba kan je Kano ya daɗe, su kuwa tsare-tsaren biyu, a ƙasar waje jinyar gaggawa ta kwana 60 na farkon tafiya kawai suke ɗauka. Wa'adin wata 6 da ake sayen Medigap ba tare da an duba tarihin ciwon mutum ba ya kusa cika. Don Allah, wanne kuka zaɓa wa iyayenku?