Ƙafa ta tashi, yatsu sun ƙiya: wa ya ga irin wannan?

Tela, unguwar Zariya: Salamu alaikum jama'a. Hawan jini ya kayar da Baba bara, ɓarin dama ya shanye. Yanzu alhamdu lillahi yana takawa har masallaci da sanda, amma jan carbi ya gagare shi, maɓallin riga ma sai an saka masa. Mutumin da ya koya mini zura zare a allura! Akwai wanda nasa ya yi haka?

Mai ƙuli-ƙuli, Tibiri: Haka Inna take, ɗan'uwa. Ka ba ta ludayi ta damƙe tam, sai an ɓamɓare yatsun ɗaya-ɗaya kafin ta saki. In ta yi hamma kuwa, hannun da kansa yake ɗagawa. Maƙwabta suka ce iska ce.

Mai gashin ƙashi, Maradi: Allah ya ba su lafiya. Ba iska ba ce, Hajiya. Umarnin motsi ba ta hanya ɗaya yake sauka daga ƙwaƙwalwa zuwa laka ba. Akwai babbar hanya mai zaren jijiya wajen miliyan ɗaya a kowane gefe, kuma yawancinsu suna tsallakawa ɗaya gefen a gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ciwo a hagun ƙwaƙwalwa ke shanye ɓarin dama na jiki. Wannan babbar hanya ce ke sa manuniya ta motsa sauran yatsu su tsaya cik. Sauran hanyoyin daga gindin ƙwaƙwalwar suke tasowa, aikinsu tsayuwa da kafaɗa da damƙa gaba ɗaya, kuma sau da yawa sukan tsira in ciwon ya lalata babbar hanyar. A 1968 wasu masu bincike biyu, Lawrence da Kuypers, sun yanke babbar hanyar a jikin birai. Biran suka koma tafiya da hawa, amma ciro abinci daga ɗan rami da yatsa biyu ya fi ƙarfinsu.

Baduku, Madarunfa: Ni a kaina abin ya faɗa. Tausayin iyali ne ya so ya cuce ni, komai sai a yi mini, har tuwo a baki. Na hana. Kowace safiya a zuba mini wake a faranti in yi ta tsinta, ya suɓuce in sake. Yanzu ina riƙe basilla, ƙananan ɗinki ne dai har yau yaro ke yi.

Tela: To malam, mu ma mu fara da waken?

Mai gashin ƙashi: Wake ya yi masa ƙanƙanta tukuna. Ku fara da kofi, ya ɗauka ya ajiye, don sakin ya fi damƙar wuya. Maganin hawan jinin kuma kada a tsallake ko rana ɗaya.