Gyaran kwalbati da kuɗinmu: taimakon kai ne ko sauke wa hukuma nauyi?

Sakataren ƙungiyar unguwa: Assalamu alaikum jama'a. A zaman da ya gabata an kawo shawarar kowane gida ya ba da gudummawa a sake gina kwalbatin bakin titi kafin damina ta kankama. Wani matashinmu ya ce duk unguwar da ta saba yi wa kanta aikin hukuma, ita ke koya wa hukuma mantawa da ita. Lokaci ya ƙure ba a tattauna ba. Ga fili, kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Matashin: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Shekara uku muna yashe kwata, muna cike ramuka, muna sayen fitilun kan hanya, haraji kuwa ba a ɗage mana ba. Aiki ɗaya muke biya sau biyu. Ranar da muka kai takardar koke, cewa aka yi ai unguwarmu ba ta cikin matsi tunda ruwa ba ya kwanciya. Guminmu ne ya zama hujjar hana mu.

Baba, tsohon ma'aikaci: Ɗana, ruwan sama ba ya jiran a sa hannu a takarda. In kwalbatin nan ya rufta, ɗakin marayun nan na ƙarshen layi ne zai fara cika. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na yi aikin ofis, na san tsawon lokacin da fayil ke yi a kan tebur.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so mu fara raba aikin cikin layi da na wajensa. A Karachi ta Pakistan akwai Orangi, unguwar da mutane suka gina ba tare da tsarin hukuma ba. A 1980 Dakta Akhtar Hameed Khan ya fara aiki da mazaunanta. Bai kawo musu kuɗin gini ba. Masu awo da zanen taswira ya kawo, aka sauƙaƙa fasalin bututu da ramukan dubawa har kuɗin ya sauko inda talaka zai iya. Kowane layi, gidaje 20 zuwa 40, ya fitar da mutum ɗaya mai tara gudummawa, suka haƙa, suka binne bututun ƙazanta da hannunsu. Gidaje wajen 100,000 suka samu magudana ta haka. Amma sun yi iyaka: masai da bututun layi nasu ne, babbar magudanar da ke kwashe na unguwa duka da wurin tace ƙazantar kuwa na gwamnati ne. Duk abin da suka gina sun zana shi a taswira, sun ajiye lissafinsa, da shi suka riƙa tsayawa gaban hukuma. Kwalbatinmu yana ɗaukar ruwan layuka shida da na babban titi. A ganina ya wuce namu.

Matashin: Yaya Injiniya, ka ga ka dawo kan maganata.

Injiniya: Rabinta, ƙanena. Da mutanen Orangi zaman jira suka yi, da me za su nuna? Laifinmu shi ne shekara uku muna aiki ba mu rubuta komai ba. Babu awo, babu hoto, babu lissafin da za a ajiye gaban kowa. Shi ya sa aka sallame ku da baki.

Malama: Abin da ke damuna shi ne duk ƙarfinmu a shebur yake ƙarewa, ba ma zuwa inda ake rabon kuɗin. A Porto Alegre ta Brazil, tun 1989 aka fara tara mazauna unguwanni su faɗi abin da za a fara yi da wani kaso na kasafin birni, su kuma zaɓi wakilan da za su bi sawun aikin. Talakawa da aka ba su baki, ruwa da magudana suka sa a gaba. Gidajen da aka haɗa da ruwan famfo da magudana suka tashi daga kashi 75 cikin 100 a 1988 zuwa 98 a 1997. Mu nan, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa ganin kasafin da aka ware wa mazaɓarmu? Ni dai ban taɓa ba, kuma ina jin kunyar hakan.

Baba, tsohon ma'aikaci: 'Yata, ki ƙarasa labarin. Da shugabancin birnin ya sauya hannu, tsarin ya yi ta rauni, har aka dakatar da tarukan a 2017. Ƙofar da hukuma ta buɗe, ita ke da makullinta. Haɗin kan maƙwabta kuwa ba mai iya soke shi da sanarwa.

Wani maƙwabci: Me zai hana mu yi irin na Ruwanda, Asabar ɗin ƙarshen wata kowa ya fito aiki?

Malama: Yallaɓai, wancan doka ce ta ƙasa, wanda ya ƙi fita ana cin sa tara, kuma jami'ai na cikin aikin. Mu da wane iko za mu ci tarar maƙwabci?

Ɗan haya: Ku yi haƙuri in shigo, don ba kasafai ake tambayarmu ba. Gudummawa kan kowane gida ake yankewa, amma mu 'yan haya muke biya. In hanya ta gyaru, mai gida ya ƙara mana haya da hujjar unguwa ta yi kyau. In ana zaɓen shugabannin ƙungiya kuma, sai a ce na masu gidaje ne. Na bayar sau uku da zuciya ɗaya. Wannan karon ina so in san ko ina da ƙuri'a.

Hajiya, ma'ajin ƙungiya: Ɗan'uwa, maganarka ta taɓa ni, kuma gaskiya ce. Mu mata ma sai an gama yanke shawara ake aiko mana da littafin karɓar kuɗi. Zan manna lissafin shekara ukun a inda kowa zai gani, shiga da fita, kwabo bai ɓoye ba.

Malama: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, abin da ta gano ke nan a wuraren da jama'a ke kula da abin da suka mallaka tare: tsarin yana ɗorewa ne in waɗanda ƙa'ida ta shafa suna cikin masu tsara ta, kuma akwai mai sa ido. A ba 'yan haya ƙuri'a kafin a sake karɓar ko sisi.

Baba, tsohon ma'aikaci: Ban ƙi ko ɗaya ba. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: in mun kai taswirar, hukuma ba ta zo ba, hadari ya haɗo, sai mu yi yaya da marayun?

Injiniya: Mu yashe kwalbatin, mu tokare gefen da ya tsage, zai ɗauki damina ɗaya. Sabon gini ne nake cewa kada mu taɓa.

Matashin: Zan riƙe maka igiyar awo ranar Asabar, Yaya, kuma ni zan kai takardar. Amma gudummawar gini ba zan bayar ba.

Baba, tsohon ma'aikaci: Tawa tana hannun Hajiya tun jiya, kuma ba zan karɓe ta ba. Sakatare, ƙarfe nawa za a fito?